Maganar da Na Sa wa Barmo a Baki

Panshekara,
Ranar Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa tafiyarka ta ranar Asabar ta zama ta alheri, ya tsare hanya, ya tsare masauki, ya haɗa ka da mutanen kirki a Kaduna. Amin.

Bayan haka, ya zama wajibi a kaina, a matsayina na mai wannan gida, in sanar da kai wani babban rashi da aka yi mana. Gara ta shiga adakar da ke ƙarƙashin gadona. Shekaranjiya na jawo ta, na tarar an cinye Barmo Mai Keke, zanen barkwancin nan na mujalla da na tara, na kusan shekara biyu, an kuma fara taɓa na shekara ta uku daga gefe. A wata fitowar garar ta ci keken ta bar Barmo zaune a kan iska, a wata ta ci Barmo ta bar keken. Mahaifiyarka ta zo ta tsaya a kaina, ta duba ɓarnar, ta ce, "Allah sarki. Malam, ko a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida a fara karɓar gaisuwa?" Na ce mata ba a wasa da irin wannan. Ta ce ai ba wasa take yi ba, garar take tausaya wa, da ta zagaye gidan nan kaf ta rasa abin ci sai wannan.

Wannan ke nan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa daban ne, kuma ka san shi. Yau kwana arba'in rabon da ka zauna kusa da ni. Kana zuwa da safe ka durƙusa ka gaishe ni, gaisuwar da ba a samun aibu a cikinta, ba a kuma samun komai a cikinta. Jibi-jibin nan za ka tafi koyon zanen atamfa, aikin da na ce ba aiki ba ne, kuma ba na so ka tafi muna haka. Sau uku na yi niyyar yi maka magana baki da baki, duk lokacin da na buɗe bakin sai barkwanci ya riga ni fita. Shi ya sa na koma ga takarda, don ita in na yi abin da na saba ina iya sokewa. Mahaifiyarka za ta ajiye maka ita a ɗakinka.

Dukiyar da zan ba ka ta guzuri ba ta da yawa, amma kurakurai ina da su isassu, kuma abin mamaki, duk manyan cikinsu da Barmo a ciki.

Kai ka san Barmo a tsufansa, ni na san shi da ƙarfinsa. Dogo ne siriri, da hular da ta yi masa kaɗan, da keken da ba shi da birki. Kowane mako mujallar tana ba shi shafi guda, an raba shi gida shida. A gida na farko ya shiga sabon gari ya ce shi gwani ne a wata sana'a, yau wanzami, wani makon mai gyaran agogo, wani makon mai haƙar rijiya. A gida na biyar aikin ya lalace. A na shida yana kan keke, hula a hannu, mutanen gari na biye da shi da sanduna. Shekara talatin da 'yan kai ana wannan, ba a taɓa kama shi ba, shi kuma bai taɓa koyon komai ba. Na karanta littattafai masu kauri a rayuwata, na Hausa da na Turanci da ɗan abin da ya sawwaƙa na Larabci, wasu ma na fahimce su. Amma in aka ce in faɗi wanda na fi sani a cikin mutanen takarda, Barmo zan ce, ba tare da jin kunya ba.

Ina ɗan shekara tara na fara ganinsa. Lokacin Sharada duk gonaki ce, inda masaƙarmu take yanzu nan mai sunanka, Allah ya jiƙansa, yake shuka gyaɗa. An aike ni kanti sayen sabulu, aka naɗe mini shi a cikin rabin shafin Barmo. Na iso gida da takardar, sabulun kuwa na bar shi a gindin wata kuka inda na zauna kallon zanen. An yi mini duka, ban yi nadama ba.

Malamin ajinmu ya lura da yadda muke son abin, sai ya riƙa kawo mujallar duk ranar Alhamis, ya miƙa wa benci na farko, ta bi aji har ta kai na ƙarshe. Ni a benci na farko nake. Wata Alhamis na sa reza na yanke gida na shida, a hankali, ba a ko ganin tabo, na sa a aljihu. Da aka fita tara sai ga aji duka a kaina: "Yaya aka ƙare? Sun kama shi?" Na zauna a kan dakali kamar alƙali, ina ba da labarin kaɗan-kaɗan, wannan ya miƙo goba, wancan ya miƙo rake. Mako uku ina wannan sarauta. A na huɗu malam ya shigo hannu rabbana. Bai dake ni ba, bai ko ambaci sunana ba. Cewa ya yi, "Tunda akwai wanda ya fi son a roƙe shi, daga yau shi za ku riƙa roƙo." Har aka yi hutu ba mu sake ganin Barmo ba, ni da sauran, kuma babu wanda ya sake zama kusa da ni a dakalin.

Abba, a ɗakin zanen da za ka shiga za ka tarar da masu irin halina. Akwai wanda ya san yadda ake haɗa fure da fure a yadi ba a ga mahaɗa ba, in ka matso sai ya rufe da gwiwar hannu. Kada ka yi fushi da shi, tsoro ne yake damunsa, yana ganin abin nan kaɗai ya hana a sallame shi. Ka yi masa ladabi, ka buɗe idonka. Amma ranar da kai ka gano wani abu da na kusa da kai bai sani ba, ka jawo shi ka nuna masa. Na ɗanɗana ɗaya hanyar, gobar ba ta wuce mako uku ba.

Kuskure na biyu ya fi wannan nauyi, kuma ban taɓa ba kowa labarinsa ba, har mahaifiyarka.

Wajen lokacin da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, ina akawun sito a wata masaƙa a Bompai, muna haya a Dakata, kai ba ka shiga makaranta ba tukuna. Ƙarfe biyu na rana ake canjin aiki. Masu aikin safe suna fitowa, na yamma suna jiran shiga, sai a haɗu a gindin wata darbejiya a bakin ƙofa, wajen mai kunu, kamar minti goma sha biyar kafin jiniya ta yi kuka. Yawancinsu mutanen Gumel ne da Kazaure da Haɗejiya, da na Nijar, sun yi karatun allo amma ba su yi boko ba. Duk Alhamis ni ke karanta musu Barmo. Yadda muke yi, in karanta maganar da ke cikin kumfar da ke fitowa daga bakinsa, sannan in juya shafin in zagaya da shi kowa ya ga zanen. Ka ga manyan mutane, masu 'ya'ya, auduga maƙale a gashi da gira, suna ture juna don su ga keken. Ban taɓa jin ina da amfani a duniya kamar a wannan minti goma sha biyar ba.

A cikinsu akwai Isufu, mutumin Damagaram, mai ɗaukar dilar yadi daga inji zuwa sito. Dogo ne siriri, kuma Allah ya jarrabe shi da ƙaramar hula. Ranar da ya fara aiki, da jiniya ta yi kuka sai ya yar da dilar da ke kansa ya zura da gudu har titi, ya ɗauka gobara ce. An yi dariya kwana biyu aka manta. Ni ban manta ba.

Wata Alhamis labarin ya zo salam, na karanta gida uku babu wanda ya ko murmusa. Sai na duba kumfar gida na huɗu, na bar abin da aka rubuta, na ce, "Ni Barmo, daga Damagaram na fito, ba na tsoron kowa sai jiniya!" Abba, dariyar da aka yi ranar har mai kunu sai da ta ajiye ludayi. Mako na gaba suna jira, na ƙara. Da haka Barmo ya zama ɗan Damagaram, ya koyi ɗaukar dila, ya yi aure a garinsu Isufu. Kafin wata biyu babu mai kiran Isufu da sunansa.

Da farko shi ma yana dariya. Wata rana ya bi ni har inda muke jingine kekuna, ya rage murya ya ce, "Malam akawu, don Allah in tambaye ka. Shi mai zanen nan ya san ni ne?"

Na ce, "Da alama."

Ya gyara hularsa, ya ce, "Ikon Allah. To wa ya kai masa labarin?"

Na ce, "Ai labari tafiya yake yi, Isufu." Na hau kekena ina jin daɗin amsar.

Ana nan sai aka tashi naɗa shugaban masu ɗaukar dila. Isufu ya fi kowa daɗewa, ya fi kowa ƙarfi, bai taɓa makara ba. Ina cikin ofis ina jera takardu aka kawo sunansa, sai mai kula da sashen ya ce, "Wa zai bi umarnin Barmo?" Aka yi dariya aka ba wani. Ni ma na yi dariyar, don manya na yi.

Daga nan Isufu ya daina tsayawa hira bayan an tashi. Ashe ajin yaƙi da jahilci ya shiga a Dakata, kullum bayan la'asar. Kusan shekara guda bai gaya wa kowa ba. Wata Alhamis na buɗe mujallar ke nan sai ya miƙo hannu.

"Malam akawu, yau ka huta. Kawo in taya ka."

Wani ya ce, "Kai jama'a, yau Barmo zai karanta kansa!" Aka fashe da dariya. Na miƙa masa, ina jiran ya riƙe ta a juye.

Bai juya ta ba. Ya ɗora yatsa a kan kumfar farko, ya fara, harafi bayan harafi, kamar mai tafiya a kan ƙaya. Gida shida ya ɗauke shi duk lokacin da muke da shi. Jiniya ta yi kuka, babu wanda ya motsa. Ya kai ƙarshe, babu Damagaram, babu dila, babu jiniya. Barmo ɗinki ya je yi a wani gari, ya ɗinke wa mai gari wando ƙafa ɗaya. Isufu ya juya bayan shafin ya duba, ya sake juyowa.

"Malam akawu, ina Damagaram ɗin? Nuna mini, ko idona ne."

Na ce, "Haba Isufu, wasa ne."

Ya ce, "Na sani. Na nemi na baya na karanta, har guda ashirin. Da ka gaya mini naka ne, da na yi dariyata na wuce, ai abokin wasa ba ya laifi. Ni kuwa shekara biyu ina kwana da cewa har garin da ake buga takardar nan an san na gudu. Ko gida ban je ba bara, don kada a ce an gani."

Ya miƙo mini mujallar da hannu biyu, ya ɗauki kwanonsa ya tafi.

Bai daɗe ba ya koma wata majema a Challawa. Na ce zan je in ba shi haƙuri. Da muka dawo Panshekara, kullum ta ƙofar majemar nake wucewa. Sau biyu na hango shi, na ɗaga masa hannu, ya ɗaga mini, na ce a raina yau ina sauri, sai wani lokaci. Da aka fara rage ma'aikata na tsaya na tambayi mai gadi, ya ce ai Isufu ya koma ƙasarsu tun kafin azumi.

Abu biyu nake so ka ɗauka a nan. Na farko, za ka zama mai alƙalami a cikin mutanen da ba su da alƙalamin da za su rama. In hannunka ya yi maka ƙaiƙayi, ka zana tumbin manaja, shi yana da inda zai kai ƙara. Mai ɗaukar dila ba shi da komai sai sunansa, in ka karɓe shi ba ka da inda za ka samo masa wani. Na biyu, in ka ɓata wa mutum, ka ba shi haƙuri kafin rana ta faɗi. Ranar farko kalma biyu ce. Bayan shekara sai ka ga tana bukatar zama da shimfiɗa da dogon bayani, sai ka yi ta ɗagawa, har mai gadi ya gaya maka an tafi.

Za ka ce wanda ya ga wannan ya warke. Ka ji na uku.

Ina Sharada lokacin, Barmo ya fara tsufa. Layin zanen ya daina tafiya santal, fuskokin mutanen gari duk suka koma iri ɗaya, labarin wanzanci ya dawo karo na huɗu. Na ji kamar ni aka ci wa amana. Na zauna na rubuta wa mujallar wasiƙa shafi uku, da Hausar da nake alfahari da ita. Na ce ƙafafun keken Barmo sun koma kamar gurasar da yaro ya gutsura. Na ce in mai zanen ya gaji, ya sauka ya ba masu jini a jika wuri. Suka buga ta, da sunana da unguwarmu. Na yanke ta na sa a aljihun gaba, duk wanda ya yi kuskuren tambayata lafiya sai na karanta masa, har ta yage a wajen ninki.

Bayan 'yan watanni fitowar ƙarshe ta zo. Kana iya tunawa, don kai ka sayo mini ita. Babu magana ko ɗaya a gida shidan. Barmo ya shiga gari, bai ce shi gwanin komai ba ne. Ya jingine keken a bango, ya zauna a inuwa, ya cire hula. Mutanen gari suka fito, ba sanduna, suka zauna kusa da shi. A gida na shida keken ne kaɗai. A ƙasa aka rubuta 'yan layuka cewa mai zanen ya yi shekaru hannunsa na rawa, da tsumma yake ɗaure alƙalamin a yatsunsa don kada ya faɗi, yanzu kuwa ko hakan ya gagara.

Ban ce wasiƙata ce ta tsayar da shi ba, ban kai wannan matsayin ba. Amma na san ya karanta ta. Mutumin da ya koya mini son karatu, ya ba ni dariyar shekara talatin, magana ɗaya tak ya taɓa ji daga gare ni, ita ce ta gurasa.

Saboda haka in ka ga aikin wani gwani ya ja baya, ka fara tambayar lafiyarsa kafin ka tambayi aikin. In kuma akwai wanda aikinsa ya taɓa yi maka daɗi, ka gaya masa yana raye, ko da a kati ne. Naka aikin ma za a soke shi, wannan babu makawa. Ka saurara da kyau. Wasu masu sukar sun ga abin da ba ka gani ba, ka gode musu ka gyara. Wasu kuwa irina ne, daɗin jimlarsu suke ji, kai dai an bi ta kanka ne.

Yanzu na zo kan naka.

Tun kana ƙarami kake zane a bayan kwalayen zaren da nake kawowa daga aiki. Ina nuna wa baƙi, ina cewa ku ga Barmon ɗana. Muddin wasa ne ina so. Da ka gama sakandare na je na tsaya a gaban manaja, na cire hula a zuci, na roƙa maka gurbi a sito. Ya yarda. Kai ka ce ba ka so. Sai da na koma na sake tsayawa a gabansa na ce yaron ya gode. Wannan ya tsaya mini a rai, ban kuwa gaya maka ba.

Ranar Juma'ar nan, yau kwana arba'in, bayan an sauko daga masallaci, abokaina sun taru a zaure kamar yadda suka saba. Ka yi sallama ka shigo da takardu takwas a hannu, ka durƙusa ka ce, "Baba, ga abin da na nuna musu a Kaduna suka ɗauke ni." Na karɓa, na miƙe tsaye, na gyara murya. Ban karanta abin da ka rubuta ba, ko kallonsa ban yi ba. Na ce, "Ni Abba, na ƙi aikin ofis, zan tafi Kaduna in zana wa matan aure fure a zani!" Na juya takardar na zagaya da ita kowa ya gani. Na yi ta ƙarawa har takarda ta takwas. Alhaji maƙwabcinmu ya yi dariya har ta sarƙe shi, sai da aka ba shi ruwa. Kai kana durƙushe har na gama. Ka karɓi takardunka, ka daidaita gefensu a kan gwiwarka, ka ce, "Na gode, Baba," ka fita.

Da magariba mahaifiyarka ta ajiye mini tuwo da ɗan ƙarfi, ta ce, "Malam, yau kasuwa ta yi kyau. Mutum nawa suka yi dariya?"

Na ce, "Ke ma kin san wasa ne."

Ta ce, "Wasa ne mana, har nan na jiyo. Shi ya sa ɗan naka yake can bakin rijiya yana wanke rigar da ya wanke jiya."

Na ce mata yaran yanzu ba su san raha ba. Ta ce, "To Allah ya ba su sani," ta ɗauke fitila ta bar ni da tuwona.

Makon jiya, da ka fita, na roƙe ta ta ɗauko mini takardun daga akwatinka. Kada ka ga laifinta, sai da na yi roƙon sau biyu, kuma ta sa na wanke hannu. Na zauna na karanta abin da aka rubuta, wannan karon shi kaɗai.

Canjin aiki ka zana, a ƙofar masaƙa. Ga mai gadi yana buɗe kwanon abincin kowa yana leƙawa, kamar wani zai sace inji a cikin miya. Ga wani dattijo yana barci a tsaye, hannunsa riƙe da keke. Ga auduga a girar mutane, abin da na ɗauka ni kaɗai na taɓa lura da shi. Ƙafafun kekunanka a zagaye suke sosai, na duba, ka san ni. A takarda ta shida kuma ga wani akawu a gindin bishiya, biro a bayan kunne, yana karanta wa ma'aikata takarda. Ka ƙara masa tumbi fiye da abin da Allah ya ba shi, wannan za mu yi maganarsa wata rana. Amma na daɗe ina kallon fuskokin da ke kewaye da shi. Kowa ya miƙo wuya yana saurare, kuma babu wanda ake yi wa dariya a cikinsu. Ka zana ni yadda ya kamata in kasance, ni kuwa na ɗaga wannan takardar da hannuna na zagaya da ita zaure ina yi maka ba'a, ban ma ga kaina a ciki ba.

Ba zan ɓoye maka dalilina na ƙin tafiyar ba. Tsoro ne. Kullum da safe ina wuce mutane tsaye a ƙofofin Challawa da Sharada, waɗanda aka sallama da waɗanda ba a taɓa ɗauka ba, sai na ga kujerar sito kamar tudu ce a lokacin ambaliya. Amma a watan jiya akawu biyu aka sallama a wajenmu, da kujerunsu da biro ɗinsu, saboda haka tudun ma ba wani tudu ba ne. Akwai kuma wani dalilin da ya fi wannan ƙanƙanta. Na yi shekara biyar ina yaro ina ƙoƙarin zana keken Barmo, bai taɓa fitowa kamar keke ba. Kai kana ɗan shekara bakwai ka zana shi a kwali, kana cin gyaɗa da ɗaya hannun. Na yi murna ranar, amma ba murna kaɗai na yi ba.

Sauran nasihar gajeru ne, kuma mahaifiyarka ta riga ta yi maka su fiye da yadda zan iya. Ka riƙe salla a kan lokacinta, ko da aiki ya taru. Ka gaida masu gadi da masu shara da sunansu. Ka shiga wajen injin buga yadi ka ga yadda zanenka yake wahalar da masu aiki da shi, ka tambaye su, sun san abin da masu ɗakin zane ba su sani ba. Ka ci abinci mai zafi ko sau ɗaya a rana, burodi da shayi ba abinci ba ne, jiran abinci ne. Kada ka ranta wa kowa alƙalamin da kake ji da shi. Ka rubuto wa mahaifiyarka duk wata, ƙanwarka za ta karanta mata, don ta ce ba ta yarda da karatuna ba, kuma ba ni da bakin musu.

Allah ya kai ka lafiya, ya sa ka fara a sa'a. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutane da sharrin harshenka, wanda ina tsoron ka gada. Ya sa albarka a hannunka, ya ƙarfafa shi har tsufa, ya dawo mana da kai cikin aminci. Mahaifiyarka da ƙannenka suna sa maka albarka, ni ma na sa.

Wassalam.
Mahaifinka.

Jibi Juma'a mutanen nan za su taru a zaure. A gabansu na yi, a gabansu zan faɗa, ko ka shigo ko ba ka shigo ba. Amma kai ya kamata ka fara ji. Aikinka aiki ne, kuma mai kyau. Ni ne ban yi daidai ba. Ka yafe mini, Abba.